Yadda ake duba tsohuwar akori-kura kafin a biya kuɗi

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, samfurinta na ɗaukar kaya kuma ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da juya mata baya. Ke nan ko autar cikinsu ka samu, ta kai kimanin shekara ashirin tana aiki. Haka tsofaffin Toyota Hilux na shekarun 1980 da 1990 da har yanzu ke jigilar hatsi zuwa Dawanau ko dabbobi daga kasuwannin ƙauye. Motoci ne masu ƙwari, shi ya sa ake nemansu, amma da wuya ka ga wadda ba ta sha lodin da ya fi ƙarfinta ba.

Yawancin masu saye inji suke fara saurare. A ganina wannan juya lamarin ne. Inji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu, kayan gyaransa kuma suna nan a Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Abin da kuɗi ba ya gyarawa cikin sauƙi biyu ne: shasin da ya ruɓe ko ya karye, da takardun da ba su da asali. Don haka tsarin duban da zan bi a nan daga takarda ya fara, ya gangara ƙarƙashin mota, sannan ya zo kan inji.

Shiri kafin ranar dubawa

Ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya shi ladan ranarsa, kuma wanda ya saba da irin motar. Bakaniken da dillali ya kawo maka, komai kirkinsa, rabonsa na cikin la'ada. Ka riƙe tocila, da ƙaramin maganaɗisu, da sukundireba mai kauri, da tsumma, da kwali ko tabarmar kwanciya a ƙasa. Idan bakaniken yana da mitar auna wuta da gejin auna matsin inji, ya taho da su.

Ka sa lokaci da sassafe, ka kuma faɗa wa mai motar tun da wuri: "Alhaji, don Allah kada a tayar da ita kafin mu iso." Kada ka yarda da duban dare ko na bayan ruwan sama, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi.

Takardu tukuna

Kafin a buɗe bonet, a zauna a inuwa a baje takardu: shaidar mallaka, lasin mota, takardar VIO ta cancantar hawa hanya, inshora, da rasit ko yarjejeniyar cinikin da ya kawo motar hannun mai ita na yanzu. Idan daga waje aka shigo da ita, kamar yawancin Hilux da suka biyo ta Kwatano ko ta Nijar, sai an ga takardar kwastan. 504 da aka harhaɗa a Kaduna ba ta buƙatar wannan, tunda ba shigo da ita aka yi ba, amma nan ma akwai 504 'yan waje, don haka ka duba farantin kamfani da ke cikin ɗakin inji ka ga inda aka haɗa ta.

Sai ka ɗauki lambar shasi da ke takarda ka je ka nemo ta a jikin ƙarfe, harafi bayan harafi. A Hilux ana buga ta a jikin dogon ƙarfen shasi ta wajen tayar gaba. A 504 tana cikin ɗakin inji. Ka goge wurin da tsumma ka haska tocila. Alamar guga da garanda, ko walda kewaye da lambar, ko haruffan da ba su tafi layi ɗaya ba, dalili ne na tashi a tafi ba tare da doguwar magana ba. Lambar inji kuwa sau da yawa ba za ta dace da takarda ba, saboda an taɓa sauya injin. Wannan ba laifi ba ne in akwai rasit ɗin sayen injin. Idan sunan da ke takardu ba na mai sayarwa ba ne, a nemo mai sunan ko rubutacciyar shaidar da ta haɗa su. Motar gado kuma sai ka tabbatar magada sun amince, don irin wannan rigimar takan taso bayan shekara guda, lokacin da ka riga ka kashe kuɗin gyara. Rundunar 'yan sanda tana da rajistar motoci da ake kira CMR, ana iya bincika ko an taɓa kai rahoton sace motar.

Zagaya ta daga nesa

A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri. Ka ja baya kamar taku goma ka dube ta ta gaba, ta baya, da kowane gefe. Ta karkata gefe ɗaya? Gindinta ya zauna alhali babu kaya? Layin da ke tsakanin kan motar da akwatin kaya ya daidaita, ko sama ya matse ƙasa ya buɗe? In ya matse daga sama, alama ce bayan motar ya lanƙwashe saboda lodi.

Sabon fenti a tsohuwar motar aiki abin tambaya ne. Ka bi jikinta da maganaɗisu, musamman ƙasan ƙofofi, bakin mudugad da kusurwoyin gilashin gaba. Inda ya ƙi kamawa, bodifila ce aka cika, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Kaɗan ba komai, kowace motar wannan shekarun ta ga fanabita. Amma idan rabin ƙofa ko ginshiƙin rufi duk fila ne, motar ta taɓa kifewa ko ta yi mummunan karo. Buɗe ƙofa ka ɗaga ta sama kaɗan: in tana wasa, hinjinta ya ci ko ginshiƙin ya ruɓe.

Ƙarƙashin mota, inda cinikin yake

Nan ne za ka ɓata mafi yawan lokacinka. In akwai gareji mai rami kusa, a kai ta can. In babu, ka shimfiɗa kwali ka shiga da kanka, amma kada ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Mutane suna cewa motar Arewa ba ta tsatsa saboda ƙasarmu busasshiya ce. Gaskiya ne ga motar gida. Akori-kura kuwa kayan da ta ɗauka su ke cinye ta: takin zamani, gishiri, kanwa, fitsarin dabbobi, ruwan tumatir, ɗanyar fata. Duk waɗannan suna zuba ta ramukan akwati su kwanta a kan shasi. Wadda ta yi zama a Legas ko Fatakwal iskar teku ta taɓa ta, wadda ta zo daga Turai kuma ta sha gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Saboda haka tambayar "me take ɗauka?" ta fi "nawa ta yi tafiya?" amfani. Mitar tafiyar ma galibi ta daɗe da mutuwa.

Ka bi dogayen ƙarafan shasi biyu daga gaba har baya, kana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe, wani lokaci har ɓawo ya zubo. Inda ka yi shakka, ka danna da bakin sukundireban. Tsatsar sama da za a kankare ba ta hana ciniki, amma in ƙarfe ya huje, magana ta canza. Ka kula da wuraren da baƙin kwalta ko sabon baƙin fenti ya yi kauri fiye da sauran, don a nan ake binne aiki.

Wurare uku ne suka fi karyewa: daidai bayan kan mota inda akwati ya fara, da maƙalan sifirin na baya, da ƙarafan da suka gitta tsakanin dogayen biyu. Walda a shasi ba duka ce ta lalace ba. Wadda aka yi da faranti aka ƙarfafa ta ciki da waje, a wuri ɗaya, za a iya zama da ita a rage kuɗi. Wadda aka haɗa baki da baki kawai, ko aka yi ta sau biyu sau uku a wuri guda, za ta sake buɗewa ranar da ka ɗora buhu goma sha biyar a hanyar gargada. Idan kana da tef, ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe. Bambancin da ya wuce kaurin yatsa yana nufin ko aksil ya goce ko shasi ya murɗe.

A 504 akwai ƙarin wuri: gabanta ba a kan shasi daban yake zaune kamar na Hilux ba, jikin ne ke ɗauke da nauyi, kuma shokazoba na gaba a saman mudugad na ciki suke ɗaure. Buɗe bonet ka duba kewayen waɗannan wurare biyu. Tsagewa ko faci a nan babban aibi ne. Ka ɗaga ledar ƙasa ta cikin mota ka ga daɓen, musamman ƙarƙashin ƙafar direba, ka kuma duba mazaunin batir, inda ruwan batir ke cin ƙarfe a hankali.

Sai sifirin na baya. Ka ƙirga ganyen kowane gefe, ka ga ko akwai karyayye ko wanda aka ɗaure da waya. Idan an ƙara ganye uku ko huɗu a kan na kamfani, motar ta gaya maka tarihinta: an saba ɗora mata abin da ya ninka ƙa'idarta, wadda ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Ka duba cikin rim na baya, in akwai danshin mai to sil ɗin aksil ya mutu kuma man yana jiƙa birki. A Hilux ka kama farfela ka jijjiga, bai kamata ta yi ƙwas-ƙwas ba.

Taya tana ba da labarin ƙafar mota. Cin gefe ɗaya yana nuna matsalar alaimen ko ƙafar da ta lanƙwashe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna duba wannan, kuma kuɗin taya huɗu ba ƙaramin abu ba ne a lissafinka.

Inji, yana sanyi

Ka fara ɗora hannu a kansa. In da ɗumi, an tayar da shi kafin ka zo, sai ka nemi a sake sa rana ko ku jira ya huce sarai. Injin da ya gaji da safe yake tona kansa.

Zaro sandar auna baƙin mai. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a dizal. Abin tsoro shi ne mai launin shayi da madara, wato ruwa ya haɗu da mai. Ka murza shi tsakanin yatsu: in ya yi kauri yana ja kamar man giya, an zuba mai nauyi ne don a rufe bakin ƙara da hayaƙi. Buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi. Ruwan ya kasance babu mai a samansa, babu laka mai yawa.

Injin fetur na 504, ko mai lita 1.8 ko mai lita 2.0, silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zarewa ake yi, ruwa kuma yana zagaye su kai tsaye. Amfanin haka shi ne ana sabunta injin da sabon silif da fistin ba tare da an kai bulo wurin gundura ba. Illarsa kuwa, in ya taɓa tafasa sosai ko bakanike ya ɗaga top, wato murfin saman inji, da ganganci, sil ɗin ƙasan silif yakan saki, ruwa ya gangara cikin mai. Top ɗin kuma na alminiyom ne, zafi yana lanƙwasa shi. A Hilux mai injin 22R na fetur, ka saurari gaban injin a daƙiƙun farko: ƙarar sarƙa na nufin robobin da ke riƙe da sarƙar taimin sun cinye, kuma in aka bar ta takan huda murfinta har ruwa ya shiga mai. Masu dizal irin 2L da 3L bel suke amfani da shi, ana sauya shi duk kilomita 100,000, in ya tsinke yana tafiya da bawul. In mai motar bai san ranar da aka sa shi ba, ka ɗauka aikinka ne na farko.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar mai da ta caji su kama, su kuma mutu bayan injin ya tashi. Fitilar man da ba ta kamawa sam, wataƙila an cire ƙwan ne da gangan.

Yanzu a tayar, kai kuma ka tsaya a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, ringi ko sil ɗin bawul. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi, gaskit ne ko tsagewar top. Baƙi a motar fetur yawanci kafireta ce, gyara mai sauƙi; a dizal kuwa nozul ne ko famfo, wanda ya fi tsada. Koma gaba ka cire murfin zuba mai injin na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba. Ɗan huci ba komai. Idan yana fuka kamar tukunyar da ta tafasa har yana watso mai, ringi sun gama. Ƙurar hunturu na cikin abin da ke jawo wannan, don haka ka buɗe gidan filtar iska; wasu za ka tarar babu filtar ma gaba ɗaya.

Ƙarar cak-cak daga sama yawanci gyaran tafet ne. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, metal ne, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kanta, kuma injin na dab da bugawa. In da geji kuma motar fetur ce, a cire fulogi a auna matsin kowace silinda. Daidaituwarsu ta fi yawan lambar muhimmanci: kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari. Launin fulogin ma shaida ne, mai jiƙe da mai ya nuna silindar da ke ciwo. Batir ya nuna kusan 12.5 a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 injin na aiki.

A bar shi yana silo minti goma sha biyar zuwa ashirin ana kallon allurar zafi, in tana aiki. Kumfa da ke ta tasowa a bakin lagireto, wanda ka bari a buɗe tun injin na sanyi, alamar gaskit ce. Kusan duk waɗannan motoci an cire musu tamostat, al'adar garejinmu ce, ba ita kaɗai za ta sa ka fasa ba, sai dai ka tambaya ko don ɓoye zafi aka cire.

Wayarin kuwa kallo ɗaya ya isa. In ka ga wayoyi a murɗe da leda, an maye fiyus da zaren waya, ka sa kuɗin sabon wayarin a lissafi, don gobarar tsohuwar mota daga nan take tashi.

Gwaji a hanya, da kaya

Kai ko direbanka za ku tuƙa, ba mai motar ba, domin shi ya san yadda yake lallaɓa ta. A kashe rediyo. A sami kwalta da kuma hanyar burji, tafiyar aƙalla rabin sa'a.

Gwajin kuloci: ja hambirki, sa giya ta uku, saki ƙafa a hankali. Injin ya mutu nan take. In ya ci gaba da gurnani, kuloci na zamewa. Ka shiga kowace giya har da ribas. A kowacce ka taka totur ka saki farat ɗaya, giyar da ta fita da kanta ta ci. A 504 mai giya a jikin sitiyari, wahalar shiga sau da yawa daga sandunan haɗi ne, ba daga akwatin giya ba, bakanike zai bambance. Kukan da ke tashi daga baya yana bin gudun mota, aksil ne. A miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, sannan ka taka birki da ƙarfi. Birkin da sai an yi masa famfo biyu kafin ya kama, ko feda da ke nutsewa a hankali, ba a hawa hanya da shi. In Hilux mai gaba-da-baya ce, wato mai ja da ƙafa huɗu, a sa ta a yashi a tabbatar ƙafafun gaba suna ja, don akwai waɗanda an cire farfelar gabansu tuntuni.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne lodi. Motar kaya ce, a gwada ta da kaya. Ko buhu biyar ko shida na masara aka samu aro, ko bulo, a ɗora a hau tudu. A nan ne zafi, zamewar kuloci, raunin sifirin da kukan aksil suke fitowa fili. Mai motar da ya ƙi wannan gwaji alhali ka ce za ka zuba mai, ya ba ka amsa.

Da kun dawo, a tsaya a wuri mai tsabta, a kashe, a jira minti biyar, a sake tayarwa da zafinta. Sannan a matsar da ita a duba abin da ya ɗiga a ƙasa.

Ciniki

Ku koma gefe kai da bakanike ku rubuta duk abin da aka gani, kowanne da kuɗin kaya da na aiki a farashin yau. Ka raba su gida biyu: wanda dole a yi kafin ta fara aiki, kamar birki, taya, bel da wayarin, da wanda zai iya jira. Jimillar kashin farko ita za ka cire daga kuɗin da aka sa mata, kuma da takardar a hannu za ka yi tayi. "Ranka ya daɗe, motar ta yi mini, amma ga abin da za ta ci kafin ta ɗauki buhu ɗaya." Ko ya ce albarka, ya san ba da ka kake magana ba. A shari'a wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, don haka ka tambaye shi kai tsaye a gaban shaidu ko ta taɓa tafasa, ko ta taɓa faɗuwa, ko akwai bashi a kanta.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai binciken takardu ya kammala. In an sallama, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, lambar mota, kuɗin da aka biya da kwanan wata, mai sayarwa da shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. A fayyace wanda zai biya la'adar dillali tun kafin kuɗi su fita. Biya ta banki ya fi, don yana barin shaida. Ka karɓi takardu na asali, ba kwafi ba, ka je ofishin lasin a mayar da su sunanka cikin makon. Daga can ka wuce gareji a juye baƙin mai, man giya, man aksil da man birki, ko da an rantse maka jiya aka sauya su.